Awon Albarushi da Siffar Ƙwayar Harsashi a Sana'ar Ɗurin Hannu

Shirin faɗakarwa na yau ya shafi wani fanni na kimiyyar bindiga wanda ya fi ƙarfi a Amurka da wasu ƙasashen Turai, inda doka ta yarje wa mafarauta da masu gasar harbi su haɗa harsashinsu da kansu a gida, maimakon su saya haɗaɗɗe daga masana'anta. Wannan aiki shi za a riƙa kira ɗurin hannu har ƙarshen shirin. Tambayar da za a bi diddiginta guda ɗaya ce: me ya sa awon albarushin da ya zauna lafiya a bayan wata ƙwayar harsashi yake iya zama haɗari a bayan wata ƙwayar, alhali nauyinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, siffa kawai ta bambanta? Shirin ba zai faɗi awon da ake ɗurawa ba, domin wannan ba abin da ake ɗauka daga bakin rediyo ba ne. Abin da zai bayyana shi ne dalilin da ya sa awon yake sauyawa.

Kashi na farko shi ne sanin harsashin kansa, da abin da ke faruwa a cikin bindiga idan an ja kunama.

Harsashin doguwar bindiga na zamani haɗi ne na abubuwa huɗu. Akwai kwanso, wanda akasari na tagulla ne, shi yake riƙe da sauran. Akwai makunni, wato 'yar ƙaramar hula da ke tsakiyar gindin kwanson, wadda take feso wuta idan allurar bindiga ta buge ta. Akwai albarushi a cikin kwanson. Sannan akwai ƙwaya a bakinsa, wadda ita kaɗai take fita ta nufi abin da aka auna. Kwanson yana saura bayan harbi, kuma ana iya gyara shi a sake ɗura shi sau da dama kafin ya gaji, wannan ne ma tushen sana'ar tun asali.

Cikin bututun irin wannan bindiga ba sumul yake ba. An tsaga masa zare mai murɗawa, tudu da kwari, domin ƙwayar ta fita tana juyawa, juyin nan kuwa shi yake hana ta tuntsurawa a iska. Faɗin ƙwayar ya ɗan zarce tazarar da ke tsakanin tudu da tudu, saboda haka dole ne tuddan su nutse a jikinta kafin ta sami hanya. A bindigogin Amurka da ake kira .30, alal misali, tazarar tuddan inci 0.300 ce, ƙwayar kuma inci 0.308 ce. Ke nan ƙwaya ba zamewa take yi ta fita ba, cusa ta ake yi da ƙarfi ta cikin ramin da ya yi mata kaɗan.

Abin da ke cusa ta shi ne matsin iska mai zafi da albarushi yake haifarwa. Albarushin zamani, wanda ba ya turnuƙe wuri da hayaƙi, wani masanin sinadarai Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya samar da shi a 1884, kuma yana da wani hali wanda duk bayanin shirin nan ya rataya a kansa: gwargwadon yadda matsi ya ƙaru a cikin kwanso, gwargwadon yadda albarushin yake ƙara saurin ci, saurin cin kuma yana sake ƙara matsin. Abin da ke sassauta wannan zagaye shi ne tashin ƙwayar, domin tana gusawa gaba fili yana buɗewa a bayanta, iskar tana samun wurin bazuwa. Duk abin yana ƙarewa a cikin abin da bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, matsin kuma yana kai ƙololuwarsa tun ƙwayar ba ta yi nisa da bakin kwanso ba. Saboda haka duk abin da ya jinkirta tashin ƙwaya, ko ya rage filin da ke bayanta, yana ɗaga matsi. Mai sauraro ya riƙe wannan jimla, domin za ta dawo: jinkirin tashi, ko ƙarancin fili, yana ɗaga matsi.

Girman matsin ba wasa ba ne. Mai faci a bakin titi yakan ɗora geji a tayar ƙaramar mota ya tsaya a wajen 32, a ma'aunin da ake kira psi, wato adadin fam da ke danne kowane murabba'in inci. Iyakar da masana'antun Amurka suka amince wa harsashin .308 Winchester ita ce 62,000 a wannan ma'auni, ta harsashin .30-06 kuma 60,000. Wannan ya kusa ninka iskar taya sau 2,000, kuma yana faruwa ne a tazarar 'yan yatsu daga fuskar mai harbi, babu abin da ke tsakani sai siririn kwanson tagulla da ƙarfen bindiga.

Kashi na biyu zai waiwayi tarihi a taƙaice, domin a ga inda siffofin suka fito.

Ƙwayar farko dunƙulen dalma ce tsurarta. Da albarushin zamani ya zo da gudun da dalma ba ta iya jurewa, sai aka koma ga dabarar Eduard Rubin na ƙasar Suwizalan, wanda tun 1882 ya sa wa dalmar riga ta ƙarfe mai ɗan tauri. Ƙwayoyin wancan zamani dogaye ne masu dunƙulallen hanci. A 1898 Faransa ta fito da ƙwaya mai tsinin hanci da tsukakken gindi don bindigarta ta Lebel, sauran ƙasashe kuma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Jamus ta sauya tsakanin 1903 da 1905, ta rage nauyin ƙwayarta daga giram 14.7 zuwa kimanin giram 10, ta kuma ƙara mata faɗi daga inci 0.318 zuwa 0.323, abin da ya sa har yau ake gargaɗin masu tsofaffin bindigogin Jamus su tabbatar da faɗin bututunsu. Amurka ta bar ƙwaya mai dunƙulallen hanci mai nauyin giren 220 ta koma mai tsini mai giren 150 a 1906, Birtaniya ta sauka daga giren 215 zuwa 174 a 1910. Giren shi ne ƙaramin awon da ake auna ƙwaya da albarushi da shi a wannan sana'a. Giren 7,000 ne fam guda, giram guda kuma ya ɗan haura giren 15.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, rundunonin ba ƙwayar kaɗai suka cire suka sa wata ba. Amurka sai da ta gajarta wuyan kwanson, ta maido da bindigogin da ta riga ta raba aka gyara musu mazaunin harsashi da saiti. Gwamnatoci masu injiniyoyi da ɗakunan gwaji sun ɗauki sauyin siffa a matsayin sabon aiki daga tushe, don haka babu hujjar da za ta sa mutum ɗaya a bayan gidansa ya ɗauke shi abu mai sauƙi.

Yanzu sai kashi na uku, wanda shi ne zuciyar shirin: yadda siffa take taɓa matsi.

A ɗauki ƙwayoyi biyu masu faɗin inci 0.308, kowace mai nauyin giren 180, a tsayar da su a kan tebur. Ta farko gajera ce, hancinta dunƙule, gindinta a baje. Ta biyu doguwa ce, hancinta ya tafi siriri zuwa tsini, gindinta kuma ya tsuke ta baya domin ta rage jan iska a tafiya mai nisa. A sikeli ba su da bambanci ko kaɗan, amma kama da wane ba ta wane. Abu na farko da za a duba shi ne gangar jiki, wato miƙaƙƙen sashen da ke tsakanin hanci da gindi, wanda shi kaɗai yake da cikakken faɗi, shi kaɗai kuma yake gogar bututu. A gajerar ƙwayar nan gangar jiki ta cinye kaso mai yawa na tsawonta, saboda babu inda nauyin zai tafi sai tsakiya. A doguwar kuwa an kwashe nauyin an kai hanci da wutsiya, gangar jikin ta rage. Inda gangar jiki ta fi tsawo, tuddan zare suna da ƙarfe mai yawa da za su tsaga, guga ta fi yawa, tashin ƙwaya yana jinkiri, matsi kuma yana hawa.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce doguwar ƙwaya mai tsini ta fi sauƙin sha'ani. Ba a nan ta tsaya ba. Kowane harsashi yana da iyakar tsawon da zai iya shiga ma'ajiyar bindiga, ta .30-06, alal misali, inci 3.340 ce. Idan tsawon harsashi gaba ɗaya yana da iyaka, ƙwayar kuma ta ƙara tsawo, to ƙarin ba shi da inda zai tafi sai cikin kwanso. Wutsiyar ƙwayar tana nutsewa ta wuce wuya, ta shiga filin da ya kamata ya zama na albarushi. An rage fili ke nan a bayan ƙwaya, ƙarancin fili kuma yana ɗaga matsi. Abin da aka samu ta wajen guga ana iya rasa shi ta wajen fili, kuma wannan ya fi tsanani a ƙananan kwansuna, inda 'yar nutsewa kaɗan take cinye kaso mai tsoka na filin.

Akwai abu na uku, wanda sababbin shiga sana'ar suka fi mantawa da shi. Tsakanin mazaunin harsashi da farkon zare akwai wani gajeren sashe marar tudu, wanda ake iya kira maƙogwaron bututu. Ƙwaya takan yi 'yar tafiya a cikin maƙogwaron nan kafin ta haɗu da tuddai, tafiyar kuma tana ba ta damar kama gudu, ta yadda za ta shiga zaren da ƙarfinta. Idan aka zaunar da ƙwaya ta fito waje sosai har ta jingina da tuddan tun kafin harbi, ba ta da wannan dama. Sai ta tsaya cik, albarushi yana ci a bayanta, har matsin ya kai ya cusa ta daga tsaye. Wannan yana iya ɗaga matsi ƙwarai. A nan siffar hanci take shigowa, domin ƙwaya mai dunƙulallen hanci tana kai cikakken faɗinta kusa da baki, saboda haka tana taɓa zare tun da wuri, mai tsini kuwa tana tura siririn hancinta cikin bututu ba tare da ta taɓa komai ba. Harsasai biyu masu tsawo ɗaya daga gindi zuwa baki suna iya kasancewa ɗaya yana da tazara, ɗaya ya riga ya cije. Wannan ne ya sa littattafan sana'ar suke rubuta wa kowace ƙwaya tsawon da aka gwada ta da shi, kuma na mai dunƙulallen hanci yakan fi gajarta.

Mai sauraro zai ga cewa zurfin zaman ƙwaya yana da haɗari ta fuska biyu. Ta fito da yawa, ta cije zare, matsi ya hau. Ta nutse da yawa, ta cinye fili, matsi ya hau. Tsakanin biyun ne ake neman wurin zama, wurin kuma yana sauyawa daga bindiga zuwa bindiga, domin maƙogwaro ba ɗaya ba ne: wasu masana'antu, irin na Roy Weatherby, da gangan suke tsawaita shi, kuma ko a bindiga ɗaya zafin harbi yana cinye shi a hankali. Ra'ayin wannan shiri shi ne, babu mutumin da zai iya zama da alƙalami ya haɗa waɗannan abubuwa uku masu jan juna ya fitar da amsar da za a dogara da ita. Hankali yana nuna inda matsin zai karkata, amma na'ura ce kaɗai take faɗin yawansa.

Kashi na huɗu ya shafi abin da aka yi ƙwayar da shi, wanda ba a raba shi da siffa.

Ƙwayoyi biyu suna iya yin kama ta waje su bambanta ta ciki. Wata rigarta siririya ce, dalmarta mai laushi, zare yana nutsewa a jikinta cikin sauƙi. Wata rigarta mai kauri ce, an gauraya dalmarta da wani ƙarfe don ta yi tauri. John Nosler, wanda ya kafa kamfaninsa a 1948 bayan ƙwayar da ya yi farautar wata babbar dabbar dawa da ita a Kanada ta kasa ratsa ta, ya ƙera ƙwaya mai katangar ƙarfe a tsakiya wadda ta raba dalmar gida biyu. Duk wani bambanci irin wannan yana sauya yadda ƙwaya take karɓar zare.

Babban sauyi na wannan zamani shi ne ƙwayar jan ƙarfe zalla, wadda babu dalma a cikinta. Kamfanin Barnes ya fito da irinta a 1989, amma abin da ya yaɗa ta shi ne doka. An gano cewa wata babbar ungulu ta jihar Kalifoniya, wadda ta kusa ƙarewa a duniya, tana mutuwa da gubar dalma saboda cin ragowar dabbobin da mafarauta suka harbe. Jihar ta hana farauta da dalma a yankin tsuntsun daga 2008, sannan daga ranar 1 ga Yuli, 2019 hanin ya game jihar baki ɗaya. Dubban mafarauta suka wayi gari dole su bar ƙwayar da suka saba da ita.

Matsalar da suka tarar ta lissafi ce mai sauƙi. Dalma ta fi jan ƙarfe nauyi: murabba'in santimita mai kaurin santimita na dalma giram 11.3 ne, na jan ƙarfe kuma bai cika giram 9 ba. Tunda faɗin bututu bai sauya ba, ƙwayar jan ƙarfe ba ta da hanyar kai nauyin ta dalma sai ta ƙara tsawo, ƙarin tsawo kuwa yana nufin ƙarin gangar jiki da ƙarin nutsewa cikin kwanso. Ga shi kuma ba ta da laushin ciki da zai ba zare hanya. Abubuwan da ke ɗaga matsi sun taru a wuri ɗaya. A 2003 Barnes ya magance wani ɓangare na wannan ta hanyar yanka zobba a gangar jikin ƙwayar, waɗanda suka rage wurin guga, suka kuma ba ƙarfen da zare ya ture wurin komawa. Duk da haka kamfanin yana ba da shawarar a bar wa ƙwayoyinsa tazara daga zare, kuma awon da aka gwada da ƙwayar dalma mai riga ba ya zama hujja ga ta jan ƙarfe, ko da sikeli ya ce nauyinsu ɗaya.

A ɗaya gefen akwai masu narka dalma su zuba ƙwayarsu da kansu, ba riga. Irin wannan ƙwaya tana shiga zare cikin sauƙi, sai dai ba ta jure gudu mai yawa, tana shafe cikin bututu da dalma, don haka tana da nata awon da nata nau'in albarushi daban. Tururin dalma da ƙurarta guba ne, musamman ga yara, kuma wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ta kashe ɗaruruwan yara, ba ya bukatar dogon bayani a kan haka.

Kashi na biyar gajere ne, kuma ya nuna iyakar abin da awon albarushi yake iya gyarawa.

Doguwar ƙwaya tana bukatar juyi mai sauri kafin ta tafi a miƙe, kuma tsawo ne yake hukunci a nan fiye da nauyi, kamar yadda masanin lissafi Alfred Greenhill na Ingila ya tsara tun 1879. Kamfanin Remington ya ɗanɗana wannan a 1955, lokacin da ya fito da harsashin .244 da zare mai juyi ɗaya a kowane inci 12. Zaren bai iya riƙe dogayen ƙwayoyi masu tsini na giren 100 da mafarautan barewa suke so ba, alhali abokin takararsa, .243 Winchester, mai juyi ɗaya a inci 10, yana riƙe su. Kasuwa ta koma wajen Winchester, har a 1963 Remington ya sake wa harsashin suna bayan ya ƙara saurin zaren. Ƙarin albarushi ba ya warkar da irin wannan cuta. Haka nan bindigogin da ake jera harsashinsu a bututu, hancin na baya yana jingine da makunnin na gaba, irin Winchester 1894, an daɗe ana ɗura musu ƙwaya mai bajajjen hanci ko dunƙulalle kawai, don kada girgizar harbi ta sa tsini ya tayar da na gabansa.

Kashi na shida zai duba inda amintaccen awo yake fitowa, da yadda mai ɗurin hannu yake aiki da shi.

Hukumomi biyu ne suke tsayar da iyakar matsi. A Amurka akwai SAAMI, ƙungiyar masana'antun bindiga da harsashi da aka kafa a 1926, wadda bin ƙa'idarta na ganin dama ne. A Turai akwai CIP, wadda ta samo asali a 1914 a birnin Liège na Beljiyam, ita kuwa doka ce a ƙasashen da suka sa hannu. A da ana auna matsi ne da wani ɗan guntun jan ƙarfe da ake sawa a gefen bututun gwaji: a yi harbi, matsin ya danne shi, a ciro a auna yadda ya gajarce. Yanzu ana amfani da na'ura mai ɗan dutse wanda yake fitar da lantarki idan an matse shi, tana zana hawan matsi da saukarsa a allon kwamfuta. Da wannan na'ura aka gano cewa wasu awon da tsofaffin littattafai suka bayar sun zarce iyaka, aka rage su a bugun baya. Kamfanonin ƙwaya irin Hornady da Sierra da Speer da Nosler, da na albarushi irin Hodgdon na Amurka da Vihtavuori na Finlan, duk suna buga littattafan awo, kuma kowane layi a ciki yana ambaton ƙwayar da aka gwada da sunanta, da kwanson, da makunnin, da tsawon harsashin, da awon farawa, da awon ƙarshe. Layin shaida ne a kan wannan haɗi kaɗai.

Ƙa'idar da littattafan suka haɗu a kanta ita ce, duk lokacin da aka sauya ɗaya daga cikin kayan, a koma awon farawa, wanda yakan yi ƙasa da na ƙarshe da kimanin kashi 10 cikin 100. A maimaita: an sauya ƙwaya, a koma awon farawa. Mai ɗurin da ya san aikinsa yana auna inda sabuwar ƙwayar take taɓa zare a bindigarsa, ya haɗa 'yan harsasai kaɗan a awon ƙasa, ya rubuta a jikin kowane kashi, sannan ya riƙa hawa kaɗan kaɗan yana harbawa ta gaban na'urar auna gudu. Bayan kowane harbi yana ɗaga sakatar bindiga ya ji ko ta yi tauri, ya ɗauki kwanson ya juya gindinsa ga haske. Makunnin da ya fito lafiya gefensa yana nan a zagaye. Wanda ya sha matsi yakan baje ya cika raminsa, wani lokaci da ɗan tudu kewaye da inda allura ta buga, a kan tagullar kuma ana iya ganin wani ɗan tabo mai sheƙi inda ta kwarara cikin ramin fuskar sakata.

Sai dai waɗannan alamu ba amintattun masu gadi ba ne, kuma nan ne yawancin masu ganin sun ƙware suke ruɗin kansu. Tagulla mai tauri tana iya shanye matsin da ya wuce iyaka ba tare da ta nuna komai ba, ta yadda ranar da tabon ya bayyana an daɗe da tsallake layi. Gudu ya fi faɗin gaskiya: idan na'ura ta nuna ƙwaya tana gudun da ya zarce na littafi a bututu mai tsawo iri ɗaya, mafi kusa shi ne matsi ne ya biya kuɗin wannan gudu. Ragewa ƙasa da awon farawa ma ba tsira ba ce, domin ƙwaya tana iya maƙalewa a bututu, harbi na gaba ya same ta a hanya. Sannan akwai zafin rana. Harsashin da aka daidaita a sanyin arewacin Amurka yana iya ƙara matsi idan ya yini a mota a dajin Tanzaniya, abin da maƙeran bindiga na Landan suka sani tuntuni; .416 Rigby na 1911 an yi masa babban kwanso ne domin ya yi aikinsa da sassauƙan matsi a ƙasashe masu zafi.

Kashi na ƙarshe ya dawo gida, domin akwai inda maganar ta shafi masu sauraro kai tsaye.

Maharba a ƙasar Hausa, da 'yan bindigar sarki da suke buga bindiga a hawan salla a Kano da Katsina da Zariya, su ma da hannu suke ɗuri, ta baki suke zuba albarushi su danna. Amma bindigar toka da baƙin albarushinta wata duniya ce daban. Baƙin albarushi yana aiki da matsin da bai kama ƙafar na zamani ba, bututun da maƙeri ya haɗa kuma ba a taɓa gwada shi da na'ura ba. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye albarushinsa a bindigar toka, yana ganin ai albarushi albarushi ne, ya sa wa bututun matsin da ba a yi shi don shi ba, kuma abin da ke biyo baya shi ne fashewar bututu a hannun mai riƙe da shi. Haka yake ga wanda ya ninka ɗuri, ko ya cusa guntun ƙarfen da ya cije a bututu. Ta fuskar doka kuwa, abin da aka halatta a Amurka bai halatta a Nijeriya ba: Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana kowa ƙera harsashi ko haɗa shi a wajen wuraren da gwamnati ta amince da su, ita kanta bindigar toka kuma tana ƙarƙashin tsarin lasisi na wannan doka.